Makin Bara

A wani shagon intanet na unguwar Barkin Sale a Minna, Ndaceko ya fara ganin Kafayatu. Shi ya zo duba inda aka tura shi bautar ƙasa, ita kuma tana rungume da takardar JAMB ɗinta, ta jarrabawar shiga jami'a, kamar jaririya. Ya leƙa ya ga maki 251, ya ga shekarar, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ƙanwata, wannan ai makin bara ne. Ya mutu."

"Allah ya sawwaƙe. Wa ya tambaye ka?" ta ce, ta galla masa harara. Hararar nan ce ta gama da shi, bawan Allah. Sai da ya yi ta sintiri a layinsu na Tudun Wada kafin ya samu lambarta.

A hirarsu ya ji labarin. Bara ta ci jarrabawa, sai kakarta ta kwanta ciwo a Bida, ta tafi jinya har aka gama ɗaukar ɗalibai. Mahaifinta kuwa, Alhaji Ndanusa, ya rantse ba maganar aure sai ta shiga jami'a. Ita a tunaninta makin yana nan yana jiranta. Ndaceko ya yi bayani har ya gaji, ta ɗauka tsokana ce irin tasa.

Yisa, ɗan yayar Alhaji, wanda ya daɗe yana son Kafayatu, shi ya ƙara dagula lamarin.

"Kawu, takarda ba ta ruɓewa. WAEC ɗina har gobe tana aiki. Yaron nan so yake ya riƙa jan ta lesin."

Alhaji ya hana Ndaceko taka ƙofar gidan. Hankalin Ndaceko ya tashi sosai, don ya san in ta rasa bana, shekara guda ta sake salwanta, aurensu ma haka. Ya tura mata saƙo:

"Tauraruwata, WAEC daban, JAMB daban. WAEC ba ta tsufa, JAMB kuwa zango ɗaya tak take yi. Ranar Juma'a za a rufe sayar da fom. Ki yi fushi da ni in kina so, amma ki saya."

Amsa ta zo da zafinta: "Wato wahalata ta tashi a banza ke nan? Kar ka ƙara kira na."

Ta sha kukanta, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ranar Alhamis ta hau acaɓa zuwa tsohuwar makarantarsu, wurin malamarta Madam Hadassah.

"Haba Kafayatu, wa ya ce miki makin JAMB yana jiran mutum? Na bara ya wuce. Tashi, gudu ki sayi fom."

Da gudun kuwa ta tafi. La'asar sakaliya wayar Ndaceko ta yi ƙara.

"Na saya. Ka yi haƙuri, Ndana. Ka iya Physics?"

"Na iya, Tauraruwata. Ko ban iya ba zan koya yau."

Da Alhaji ya ji gaskiyar magana, kunya ta kama shi, amma dattijo ba ya saukowa gaba ɗaya. Ya yarda da lesin, da sharaɗin a zaurensa za a yi, yana zaune da rediyonsa a tsakaninsu. Haka suka yi ta lissafi da baki, ido na nasa zancen daban.

Ranar da sakamako ya fito, Kafayatu ta faɗo gida ko takalmi ba ta cire ba.

"Baba, 263!"

Ta ci jarrabawar tantancewa, sunanta ya fito a jami'ar fasaha ta Minna. Alhaji ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau ya share ido.

"A kira min malaminki, ya turo magabatansa."

Aka ɗaura aure ranar Asabar, Alhaji ya dafa kansu yana cewa, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare." Ran Litinin da safe amarya ta haye bayan babur ɗin angonta, lalle jajir a hannunta, tana zungurinsa ya ƙara wuta kada ta makara lacca.