Yayen Musaddiq

Akwai masu dakushe ƙwaƙwalwar yaro da kuɗinsu, kuma su harɗe ƙafa suna jiran a gode musu. Ba sai an kama suna ba, sun san kansu.

Rauda 'yar manyan dillalan shinkafa ce a Gesse, amma ta kafe sai Mujtaba, masunci a Argungu, har danginta suka haƙura ba don sun so ba. Da ɗansu Musaddiq ya isa yaye, sai ga Goggo Hodi, yayar mahaifinta, da mota. Rauda na gyaran kifi, yaron na bayanta yana gwaranci, "Kihi, kihi."

"Ni za ni yaye shi, haka al'ada take," in ji Goggo. "Dube shi, wuya kamar tsinke. Kihin kirki duk kasuwa kuke kaiwa, ɗa na shan tsurar kunu. Da kunu za shi yi boko? Ke kika zaɓi talauci, shi bai zaɓa ba."

Rauda ta sunkuyar da kai, don maganar kunun gaskiya ce.

"Goggo, wata guda dai ne yaye," in ji Mujtaba.

"Da kai nike?"

Goggo ta tafi da shi. Wata guda ya zama shekara. Duk sanda Rauda ta zo, sai a ce yana barci, a nuna mata shi ta taga. "In kina son ɗanki, ki baro mai kwale-kwale ki dawo gida," Goggo ta ce.

"Rauda, in za ki tahi, ba ni riƙe ki," Mujtaba ya ce, idonsa jajir.

"Ba ni barin ka, ba ni barin shi. Ka bar wagga magana."

Wata rana Rauda ta faɗo gidan Goggo ba sanarwa. Falo sanyi ƙalau, shiru kamar gidan makoki. Ga Musaddiq ya yi ɓul-ɓul, waya a hannunsa, katun na tsalle. Ta kira sunansa, bai ɗago ba. Ta sake kira. Ta zare wayar, sai ya dinga buga goshi da tayil, ko kalma guda babu.

"Goggo, wa ke magana da shi?"

"Magana? Da yaro? Mi za shi ce miki? Madara, ƙwai, mi na rage mishi?"

Amma ita ma Goggo ta san da matsala, don makarantar kuɗin da ta kai shi ta dawo mata da shi. Aka kai shi asibiti, likita ya duba, ya ce kunne lafiya, harshe lafiya, hirar mutane yaron ya rasa, kuma lokaci na ƙurewa.

Mujtaba bai yi faɗa ba. Ya durƙusa gaban Goggo ya ce, "Kin yi gaskiya kan cimarsa. Daga yau kihin farko nasa ne, kasuwa ta ci saura. Ki ba mu shi."

Goggo ta juya baya ta ce, "Ku ɗauka."

Suka koma Argungu. Mujtaba na gyaran komar kamun kifi yana yi masa hira, Rauda na girki tana faɗa masa sunan komai, tukunya, albasa, ruwa. Damina ta wuce bai tanka ba, Rauda ta yi kuka har ta gaji. Ran nan tana cire masa ƙayar kifi, ya ja zanenta ya ce, "Inna, kihi."

Har yau sa'o'insa sun riga shi baki, amma yana biye. Haƙuri ya dawo musu da ɗa. Yaro yana son cikinsa a cike, kunnensa ma a cike, in aka hana shi ɗaya an cuce shi, da talauci ne ko da arziki.

Wanda ya ce ƙarya ne, ya shiga falonsa yanzu ya kira sunan ɗansa. In yaron ya ɗago, to uban ya zo ya musa.