Ranar da Na Faɗa wa Teku Sunana

Babanmu masunci ne a Kaoje. Shi ya koya mana cewa duk ruwan da ba ka sani ba, ka yi masa sallama, ka ɗanɗana shi, ka faɗa masa sunanka. Haka na yi ranar da na fara ganin teku.

Motar albasa na bi daga Bagudo zuwa Kwatano. Da aka sauke kaya sai na shiga gari da ƙafa, na ratsa kasuwa da hayaƙin babura, har kwalta ta ƙare a rairayi. Rana na shirin faɗuwa na durƙusa, na kamfaci ruwan.

"Salamu alaikum. Ni ne Arzika."

Babu gishiri a cikinsa. Ɗanɗanon laka na ji, irin na kogin gida.

"Ka daɗe ba ka taho ba," in ji wani a bayana.

Hausar garinmu ce, amma muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Na yunƙura zan gudu, igiyar ruwa ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashina, na nutse har gwiwa.

"Malam, taimake ni!"

"Haka nic ce maka ran da jirginmu yak kihe. Ruwan Kaoje duk teku yaka zuwa, Arzika."

Ya zagayo gabana, rigarsa na ɗiga, ba sawunsa ko ɗaya a rairayin. Yana riƙe da filafilin tuƙin nan da na miƙa wa yayana Muktar shekara bakwai da suka wuce, na kuma saki.