Jakar Iskandariyya

A kasuwar Wikala da ke Alƙahira suka haɗu, wajen masu gwanjo, ranar wata Talata ta farkon watan Maris. Zulfa na gwada tabarau, waya maƙale a kafaɗa, tana faɗa wa ƙawarta, "Sulafa, rigar sanyin me kuma? Jiya fa fanka na kunna. Ki zuba atamfa biyu da silifas, khalas, shi ke nan."

Wani dogon saurayi da ke teburin gefe ya ɗago kai. Rigunan sanyi ne rungume a hannunsa, a lokacin da kowa ke neman inda zai cusa nasa.

"Ki yi haƙuri 'yar'uwa, Hausa na ji. Ina za ku?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Iskandariyya, nan da sati biyu. Da matsala ne?"

"To ki sayi wannan." Ya ɗaga wata riga mai ruwan toka. "Zafin da kika ji jiya na Alƙahira ne, bakin teku ba ruwansa da shi. Da hantsi rana za ta yi miki daɗi, la'asar na yi iska ta taso daga ruwa. Kuma ƙarshen Maris akwai guguwa da ruwan sama, masuntan can suna ce mata nawwa. Kusan kowace shekara sai ta zo."

"Kai mai sayarwa ne ko mai duba?"

"Imran. Tafinta ne." Ya miƙa mata kati. "In kin ji sanyi ki faɗa min, don dai in san ban yi ƙarya ba."

Rigar kam ba ta saya ba. Katin ma don kunya ta karɓa.

Mu dai Hausawa, in Maris ya kama, ba mai gamsar da mu cewa akwai sauran sanyi a duniya. Haka Zulfa ta tafi da atamfarta da silifas ɗinta. A kwana na biyu, bayan la'asar, saƙo ya shigo wayar Imran:

"Salam. Zulfa ce, ta Wikala. Ina cikin bargon otal, haƙorana sai haɗuwa suke yi. Ka yi gaskiya. Kada ka yi dariya."

Ya amsa: "Ban yi ba. Ki nemi sahlab, kunun madarar nan nasu mai zafi, ki sha, ki ari safa. Gobe da hantsi rana za ta fito, ki shafa mai a fuska, don tana ƙona mutum yana jin sanyi bai sani ba."

Washegari rana ta fito. Ta rubuta masa, "Malam Hasashe, Allah ya ja zamaninka." Ya mayar mata, "Amin, 'Yar Sanyi." Sunayen nan ba su sake barinsu ba.

Zulfa ɗalibar haɗa magunguna ce, 'ya ɗaya tilo ga Alhaji Badamasi, ma'aikaci a ofishin jakadancin Najeriya. Imran kuwa ya gama karatunsa, yana zaune a unguwar Faisal, sana'arsa raka marasa lafiyar da suka zo daga gida: ya tarbe su a filin jirgi, ya kai su wurin likita, ya fassara, ya nuna musu inda ake sayen abinci. A wannan yawon ya koyi duba sama, don wanda aka yi wa aiki ba ya son iska.

Shekara guda suna tare. Yakan zo gidansu a unguwar Ma'adi duk Asabar, su zauna a falo, Umma na leƙowa da shayi. Zulfa ta so shi, so na gaske, kuma ba ta ɓoye ba. Abin da ya fi kama ta shi ne ba ya cika baki. In ya ce zai zo ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗu ne, ko da ƙananan bas biyu da jirgin ƙasa na metro zai hau.

Matsalar Abba ce.

"Yaron yana da ladabi, ban musa ba," in ji Alhaji Badamasi. "Amma mene ne aikinsa? Ɗan rakiya. Yau yana bayan wannan, gobe yana bayan wancan. 'Yata ɗaya zan ba ɗan rakiya?"

"Abba, halal yake ci."

"Ban ce haram ba. Ga Mazin nan, da shagonsa a Wustul Balad, tsakiyar birni, da motarsa. Ba zan tilasta miki shi ba. Amma shi ma wancan ba zan sa albarka a abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

Mazin Bahaushen Sudan ne, a Alƙahira ya girma, mutumin kirki mai yawan fara'a da yawan turare. Laifinsa ɗaya, Zulfa ba ta son sa.

Sai ga takarda ta zo: wa'adin aikin Alhaji zai ƙare a watan Mayu. Ya tara su ya faɗa a fili. In suka bar Masar bai amince da kowa ba, maganar kowa ta mutu a nan, Zulfa ta ƙarasa karatunta a gida. Ita kuma ta riga ta faɗa wa Imran ba za ta yi aure babu albarkar mahaifinta ba. Saura wata biyu ke nan.

Cikin haka Alhaji ya ce kafin su tafi yana son ganin Iskandariyya, don shekara huɗu yana Masar bai taɓa leƙa teku ba. Mazin ya yi caraf ya ce shi zai kai su a motarsa, ƙarshen Maris.

"Kada ku wahalar da kanku da kaya, Abba," in ji shi. "Sanyi ya wuce. Ni ɗan gari ne."

Da Zulfa ta ba Imran labari, bai ce komai a kan Mazin ba. Saƙo kawai ya turo:

"'Yar Sanyi, ga abin da za ku sa a jaka. Kaya marasa nauyi na rana, da rigar sanyi ta yamma, a riƙa ɗorawa ana cirewa. Safa da rufaffen takalmi. Mayafi mai kauri. Rigar ruwa, ba laima ba, iskar can karya laima take yi. Tabarau da man shafawa. Takunkumi, ko iskar hamasin za ta taso da ƙura a hanya. Kada kowa ya shiga ruwa, har yanzu ƙanƙara ne."

Ta karanta shi ya fi sau biyar tana murmushi. Washegari a makaranta ta nuna wa Sulafa. Sulafa ta ƙyalƙyale da dariya ta zaro tata wayar.

"Ai ni ma ina da shi. Ga shi, har da maganar laimar. Duk wanda ya ce masa zai je bakin teku sai ya tura masa."

Kalma da kalma, babu abin da ya bambanta sai sunan da ke sama. Ran Zulfa ya ɓaci ƙwarai. Ita tana can tana jayayya da mahaifinta a kansa, ashe abin da take ɗauka nata ne, rabon gari ne. Ta rubuta masa, "Na ga saƙonka a wayar Sulafa. Na gode, mu ma an sa mu a layi." Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, "Gaskiya ne, kowa nake tura wa, sanyi ba ya zaɓe. Ki ba ni dama in yi bayani." Ba ta ba shi ba. Don haushi ma, ko safa ba ta sa a akwatinta ba.

Ranar tafiya da safe Umma ta sauko da wata baƙar jaka ta cusa a bayan mota. Alhaji ya tambaya ta mece ce.

"Tarkacena ne," in ji ta, ta rufe but.

Ranar farko Iskandariyya ta yi musu kara. Rana garau, teku shuɗi, suka ci kifi, Mazin na ta nuna musu gine-gine. Alhaji cikin farar shadda mara nauyi har yana cewa, "Ina sanyin da ake faɗa?"

Rana ta biyu, suna tafe a bakin teku bayan la'asar, sama ta canza. Iska ta taso daga ruwa, igiyar ruwa na dukan katanga tana watso musu gishiri, yayyafi ya biyo baya. Mazin ya buɗe laima, iska ta juya ta ciki ya koma waje. Kafin su kai masauki kowa ya jiƙe.

Alhaji ne abin ya fi taɓawa. Ya zauna a falo ya dafe kunnensa na hagu, ido a rufe, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin. Zulfa ba ta taɓa ganin mahaifinta haka ba, ta tsorata.

"Abba, mene ne?"

"Ba komai."

Umma ta jawo baƙar jakar nan ta zuge. Ƙulli huɗu ne a ciki, kowanne da 'yar takarda.

Na Umma, safa mai kauri da man zafi, an rubuta, "Saboda gwiwa." Na Mazin, mayafin wuya: "Ya rufe wuyansa, shi zai tuƙo ku." Mazin ya karanta, ya yi 'yar dariya, ya naɗa abinsa.

Zulfa ta kwance nata. Rigar nan ce mai ruwan toka ta kasuwar Wikala. Takardar ta ce, "Tun ranar na saye ta, bayan kin tafi. Saƙo na kowa ne, 'Yar Sanyi. Wannan taki ce." Ta sa rigar ta juya baya, don kada Mazin ya ga idonta.

Na ƙarshe na Alhaji ne: hular sanyi mai rufe kunne, da auduga. Umma ta miƙa masa takardar, ya karanta da kansa. "Abba, iskar can daga teku take zuwa. In za ku yi tafiya, ku bar teku a damanku, kunnen hagu ya kasance ta gefen gari."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya dubi Umma.

"Ke kika faɗa masa?"

"Wallahi ban faɗa ba. Jaka kawai Imran ya kawo da safe ya ce in sa a mota."

Ya dubi Zulfa. Ita kuwa cewa ta yi, "Me ya sami kunnenka, Abba?" A nan ya gane ita ma ba ta sani ba.

Ya sa audugar, ya ja hular har wuya. Umma ta gasa masa tawul, zafin ya lafa kafin magariba. Washegari da hantsi rana ta fito, Alhaji ya fita yawo da hularsa, teku a damansa.

A hanyar dawowa, da suka tsaya shan shayi, Mazin ya ce wa Zulfa, "Mutumin nan har ni ya tuna da ni. Ma'alish, ba komai, na janye. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ranar Asabar Alhaji ya aika a kira Imran. Ya zo ƙarfe huɗu, ya zauna a ƙasa. Zulfa da Umma na bayan labule, ba su ma yi ƙoƙarin ɓoye ƙafafunsu ba.

"Wa ya faɗa maka maganar kunnena?"

"Babu kowa, Abba. Shekara guda ina sallar Juma'a a bayanku. Ba ku taɓa zama ƙarƙashin fanka ba. In liman ya yi ƙasa da murya, kunnen dama kuke juya masa. Na raka masu irin wannan wurin likita da yawa."

"Shekara ashirin ke nan da aka yi min aiki a kunnen. Ko a ofis ba wanda ya gane." Alhaji ya gyara zama. "Me ya hana ka faɗa wa Zulfa? Ai da ka samu shiga."

"Ba sirrina ba ne, Abba."

Alhaji ya cire tabaransa ya goge, ya mayar.

"Na kira ka ɗan rakiya, kuma da raini na faɗa. Ka yafe min. Ni zan koma gida in bar ta a ƙasar mutane. Ban san me nake nema mata ba da ya wuce wanda zai raka ta, ya ga abin da ke damunta tun ba ta faɗa ba, ya kuma rufa mata asiri. Ka turo magabatanka."

Imran ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na gode, Abba." A bayan labule Zulfa ta rungume Umma tana kuka, kukan daɗi.

Aka ɗaura aure farkon watan Mayu, bayan sallar Juma'a, a masallacin da Imran ya shekara yana sallah a bayan surukinsa. Kawun Imran ya zo daga Azare. Sulafa ce babbar ƙawa, Mazin ya kawo turare kwali guda.

Ranar da su Alhaji za su tashi, Umma ta tarar da shi yana cusa hular sanyin nan a akwati.

"Alhaji, Katsina fa za mu, a watan Mayu. Me za ka yi da ita?"

"Ki bar min kayana," in ji shi.

A filin jirgi ya kama hannun Zulfa ya sa a na Imran. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuriya ta gari, ya sa ku rufa wa juna asiri." Suka ce amin. Ya ɗan matso kusa da Imran, ya juya masa kunnen dama.

"Yaya sama take yau? In sa audugar?"

"Ku sa, Abba. Cikin jirgi akwai sanyi."

Alhaji ya laluba aljihu, ya ciro, ya sa a gaban kowa.