Mundayen da Na Ƙi Wankewa

"Saude... miƙo hannunki in gani."

Na miƙa masa. Me zan ɓoye, sata na yi?

Musaddiƙ ya dubi mundayen azurfar da ke wuyan hannuna, ya yi salati a hankali, ya zauna daɓas a kan dakalin zaurenmu. Sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Mundayen na kakarsa ne, Hajiya Tasalla ta Babura. A gidansu, duk yarinyar da ɗansu ya gani yana so, da an yi gaisuwar iyaye sai a aiko mata da su ta sa. In sa rana ta matso, tsohuwar za ta zo da ƙafarta ta duba. In suna nan fari, yarinya mai albarka ce. In sun yi baƙi, wai jininta bai haɗu da na gidan ba, magana ta mutu ke nan.

Ni kuwa 'yar mai daddawa ce. Duk Roni an san Inna Shatu. Da tukunyar kalwa ta riƙe mu tun da Baba ya rasu, da ita na gama sakandare. Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin da ake rufe kalwa ta ruɓe, ta san azurfa ba ta jure wannan tururin. 'Yan kunnen Inna ma haka suke yi, ni ke wanke mata su duk jajiberin salla.

Musaddiƙ ya zaro leda daga aljihu, tsamiya ce a ciki. Wai matar yayansa ce ta raɗa masa, ita ma haka ta yi, ta wanke nata ana gobe za a zo. Ya roƙe ni in wanke, in daina shiga ɗakin daddawa, Inna kuma ta sauke tukunya sai baƙi sun zo sun tafi. Wai Mu'minat, 'yar baffansa da dangi suka so ya aura, ta cika kunnen tsohuwa da cewa gidanmu ba ya shiguwa don wari.

"'Yan kwanaki ne kawai, Saudena. Don girman Allah..."

Wallahi ina son mutumin nan. Ina son shi tun yana zuwa kasuwar Kazaure yana sayen daddawar da ba shi da abin yi da ita, har mahaifiyarsa ta tambaye shi ko gidan tuwo zai buɗe. Lokacin warin bai dame shi ba.

"Wankewa ba wuya," na ce masa. "Amma in na shiga gidanku da farar munduwa, ranar da na zo taya Inna aiki ta sake baƙi, me zan ce? Ko daga ɗaurin aure na daina zama 'yarta ke nan?"

Sai ya ce taurin kaina zai raba mu, ya ajiye ledar a dakali, ya fice ko sallama babu.

Bai kira ba, ni ma ban kira ba. Kuka kam na sha shi a bakin murhu, ina ɗora wa hayaƙi laifi.

Inna ma bayansa ta bi. Ta ce za ta sauke tukunya, ta turare gidan, ai ba a kanta aka fara ɓoye talauci don auren 'ya ba. Na ce mata sana'a ba talauci ba ce, kuma duk wanda zai ci miyarmu ya toshe hanci a tsakar gidanmu, ya riƙe ɗansa.

Ranar da su Hajiya Tasalla za su zo, ni da kaina na hura wutar kalwa.

Da hantsi suka iso. Musaddiƙ ne ya tuƙo su, ya tsaya a zaure. Hajiya Tasalla ta shigo tana dogara sanda, Mu'minat na riƙe mata jaka, ita Mu'minat ɗin ta ja mayafi ta rufe hanci tun daga bakin ƙofa. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su, sannan na miƙa hannuwana biyu.

Hajiya Tasalla ta sunkuyo ta dubi mundayen.

Mu'minat ta yi wata 'yar dariya, ta ce ai dama ta faɗa. Inna ta fara ba da haƙuri, kamar wadda aka kama da laifi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"Cire," in ji tsohuwar.

Na cire. Amma na ce a yi mini haƙuri, fari aka ba ni su, ba zan mayar da su da dauɗa ba. Na ɗauko tsamiyar Musaddiƙ da na jiƙa a ruwan ɗumi, na tsoma munduwa guda ɗaya. Da ta ɗan jima na ciro ta, na dirje da lallausar toka a tsumma, na ɗauraye, na goge da farin ƙyalle har ta bushe. Ta fito fes tana ɗaukar ido.

Ko gezau tsohuwar ba ta yi ba. Ta ce tsamiya kowa ya san ta, abin da ya baƙanta azurfar shi ne ba ya wankuwa, don a jikina yake.

Sai ga sallamar namiji.

Musaddiƙ ne ya shigo cikin mata, ya zube a gaban kakarsa, kansa a ƙasa. Ya faɗa mata shi ya kawo tsamiyar, shi ya roƙe ni in yaudare ta, ni na ƙi.

"Ba zan saɓa miki ba, Kaka. Amma duk wadda ta sa mundayen nan bayan Saude, ba don ni ta sa ba."

Na ƙi kallonsa, don na san hawaye zai tona ni.

Hajiya Tasalla ta fusata, ta ɗaga hannu za ta nuna masa ƙofa. Hijabinta ya zame. A wuyan hannunta akwai wata tsohuwar munduwa mai kauri, ta kama fata har ba ta fita. Baƙa ce wuluk, ta fi tawa baƙi.

Kowa ya gani, kowa ya kawar da kai.

Da na yi shiru, da an ce ina da kunya. Na jawo ƙwaryar tsamiya gabanta.

"Ranki ya daɗe, kawo in wanke miki taki."

"Saude!" Inna ta dafe ƙirji.

Tsohuwar ta ƙura mini ido, har na saddaƙar mari zan sha. Ta ce da wannan munduwar aka kai ta Babura tana amarya.

"Hannun nan ya raini 'ya'ya, ya raini jikoki. Wa ya isa ya ce ba shi da albarka?"

"Babu wanda ya isa, ranki ya daɗe. Na Innata ma haka."

Ta juya ta dubi Inna. Ta dubi hannuwanta da wuta da surfen kalwa suka cinye. Ta daɗe tana kallo.

Can sai ta sauke hannunta a cinyata.

Na jiƙa tsumma na fara dirzawa a hankali, don kada in ji wa fatarta ciwo. Baƙin shekaru ne, turare da zufa, sai da na sake ruwa. Mu'minat ta miƙe ta ce za ta jira a mota.

"Dirza ta ciki," tsohuwar ta ce. "Kin bar wuri."

Da na gama ta ɗaga hannun tana juya shi a rana, idonta ya ciko. Ta ce wa Musaddiƙ ya tashi ya ba mata waje, ya je ya gaya wa baffanninsa su nemi goro. Ya miƙe yana tuntuɓe da sandarta, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Mundaye biyu na ajiye a kan tabarma, fara da baƙa. Na kai hannu zan wanke ta biyun, tsohuwar ta buge mini yatsu.

Baƙar ta ɗauka. Ta kamo hannuna, ta zura mini ita a hakan.