Wayar da Ke Tayar da Injin Shinkafa

Ana idar da Azahar aka kira Sufeto Jafaru daga wani kamfanin gyaran shinkafa da ke hanyar Surko. An sace waya. Ya so ya tura kofur, sai aka ce masa inji ya tsaya, ga shinkafar da aka turara jibge, in ta kwana uku ba a busar ba za ta yi fumfuna.

Ya tarar da Abdulnasir, mai kula da injin, zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

"Waya ɗaya ce za ta tsayar da kamfani?"

"Yallaɓai, manhajar da ke sarrafa injin da lasisi take aiki, kuma an ɗaure lasisin da lambar jikin wayata, IMEI. In babu ita ba ya tashi. Masu manhajar sun ce sauyawa sai mako biyu."

"Ina ka bar ta?"

"A caji, na tafi salla."

Mai kamfani ya rantse Abdulnasir ne ya sayar, ya ce a rufe shi. Sufeto ya waiga gefe. Idonsa na kan wani tsohon inji a lungu, an lulluɓe shi da tamfol, amma ƙarafansa na sheƙi.

"Wa ke shafa wa wannan mai?"

"Baba Dabo," in ji Abdulnasir. "Shekara ashirin yana aiki da shi, shi ya koya mini sana'a. Da sabo ya zo aka mai da shi maigadi."

Da Sufeto ya tambaye shi, Malam Dabo ya ce shi a sahun farko ya yi salla. Mutum huɗu na sahun farko suka ce ba su gan shi ba.

Washegari da hantsi saƙo ya zo daga kamfanin sadarwa: an kunna wayar a Maruta, ƙasar Gwaram, da wani layi mai sunan Fatsuma.

Matar Malam Dabo ce. Da Sufeto ya isa gidan, ta fito da wayar tana murmushi.

"A kan akwati na gan ta, naɗe da farin ƙyalle kusa da Alƙur'aninsa. Na ce Malam ya sayo mini, kunya ta hana shi faɗa."

Sufeto ya karɓi wayar. Yana juyawa ya ga tsohon tsaye a ƙofar zaure.

"Malam, me ya kai ka?"

"Na ɗauka in sabon ya tsaya za su yaye wa nawa tamfol, su ce Dabo zo. Ko na yini ɗaya. Na cire layin na karya, na zaci shi ke nan."

"Me ya hana ka jefa ta kogi?"

"Akwai karatun Alƙur'ani a ciki, ina jin yaron yana saurare. Da wane hannu zan jefa?"

"Ka san shi aka ce a rufe?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Ya miƙo hannaye biyu. Sufeto bai ciro ankwa ba, ya dai buɗe masa ƙofar mota.

Fatsuma ta biyo su har waje, mayafi a karkace.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "to, in cire layina?"