Bai Tashi Aiki Ba

Ina wanke-wanke aka zo aka ce min motar Ciyaman ta kife, shi da direbansa babu wanda ya fita da rai. Direban mijina ne.

A maƙabarta, aka binne Ciyaman cikin shingen manya, inda tsofaffin 'yan majalisa ke kwance, har da fitila. Baban yara kuwa a waje, daidai bakin ƙofa. Iyalan Ciyaman suka ba ni ɗaki a gefe da aikin sharar wurin. Da yara huɗu, ina zan je?

Wata rana na makara, duhu ya same ni a ciki. Na ja ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Sai ƙamshin turaren nan na Ciyaman da ke manne wa rigar mijina in ya dawo aiki ya cika wurin. Ga mutum tsaye da babbar riga, yana duba agogo. Ya tako busassun ganye, ko ɗaya bai yi ƙara ba.

Ya ce, "Ke matar direba, barci mijinki yake yi? Muna da taro."

Da ƙyar na ce, "Ranka ya daɗe, ai ya rasu."

"To sai me?"

Daga bayan katanga na ji tarin nan da na sani, da murya a gajiye: "Ga ni nan, Yallaɓai."

Tun daga ranar, kowace magariba nakan tsaya a kan kabarin mijina in ce, "Baban yara, an tashi aiki. Ka kwanta."