Ni Ce Alƙalamin Abba

"Nuzhat, shekara uku! Shekara uku ina jira kamar mai gadin ƙofarku!"

"Rage murya, Zafaryab, Abba zai ji..."

"Ya ji mana! Makarantar da ta ɗauke ni koyarwa ta ba ni gida a Bombay. Ke kaɗai ce babu a ciki."

Ina son mutumin nan har cikin raina, amma wa zan bar wa Abba?

Duk garinmu Rampur na Indiya babu wanda bai san mahaifina Mirza Tahawwur ba. Yana ɗan shekara ashirin littafin waƙoƙinsa na farko ya fito, gajerun labaransa kuwa har a rediyo ake karanta su. Amma tun da mahaifiyata Ammi ta rasu, idanunsa kuma suka tafi, masu yabon nan sai gaisuwar Idi. Ni na zama alƙalaminsa. Ya faɗa in rubuta, in an je taron mawaƙa in zauna bayansa ina raɗa masa abin da ya kufce.

Ashe Abba ya ji mu. Ranar Juma'a za a yi taron mawaƙa a zauren mai magani Hakim Sahib, yana gyara hula ya ce, "Yau cikin mata za ki zauna."

"Abba jan," na kira shi da kiranmu na ƙauna, "in ka manta fa?"

"Ni? Lallai yarinyar nan kin raina ni!"

Bayan magariba kyandir ya fara zagawa, wanda aka ajiye shi a gabansa shi ke da magana. Abba ne babba, don haka shi ne na ƙarshe. Ya rera layin farko, jama'a suka ɗauka suka maimaita kamar yadda aka saba, suna jira ya sauke musu na biyu.

Na biyun bai zo ba.

Suka sake maimaitawa. "Haba Mirza Sahib, kada ka kashe mu da jan rai!" in ji wani, aka yi dariya. Ni kuwa ina bayan labule cikin mata. Layin yana kan harshena. Na buɗe baki ke nan...

"Kada wanda ya taimake ni," ya ce, ya juyo da fuskarsa wajen labulen. Ya lalubo kyandir ya hure shi da kansa. "Mawaƙin da ke aron baki ya gama. Jama'a, ina gayyatar ku ɗaurin auren 'yata da Zafaryab."

Muna shiga gida na fashe da kuka. "Da gangan ka yi!"

"Mantuwar ta gaske ce, 'yata. Hurewar ce da gangan."

Na roƙe shi ya biyo mu, ya ce shi da kabarin Ammi babu rabuwa. Ƙanwarsa, Goggo Shamim, ta tare wurinsa.

Aka ɗaura aure muka tafi Bombay, Zafaryab bai rage ni da komai ba. "Sanyin idona, ki ci ko loma biyu mana," kullum sai ya lallashe ni. Amma da ya fita aiki sai gidan ya yi mini faɗi, babu mai kiran "Nuzhat, kawo takarda!" Kaɗaici ya ci ni sosai a garin nan mai cike da mutane.

Wata na takwas sai ga ambulan mai kauri, da 'yar wasiƙar Goggo: "Ya hana kowa riƙe masa alƙalami. Ya ce labarinsa na ƙarshe ne, kuma naki ne. Na kasa faɗa masa."

Shafin farko rubutu ne a karkace, labarin wani uba da 'yarsa. A na biyu tawada ta fara dusashewa. Sauran shafi ashirin da biyu farare ne fes, sai sawun bakin alƙalami. Tawada ta ƙare masa, shi kuwa ya yi ta rubutu. Na ɗaga su a rana, na shafa da yatsa, layi ya hau kan layi, ko kalma ban tsinta ba.

Washegari Abba ya sa aka kai shi kantin maƙwabci ya bugo waya.

"Kin karanta?"

"Na... na karanta, Abba jan."

"Ƙarshen fa? Na yi ta tsoro kada ki ƙi yafe wa uban."

Na toshe bakina da gyale har muryata ta daidaita. "Na yafe masa, Abba. Tun a shafin farko."

"Alhamdulillah," ya ce, na ji yana dariya kamar yaro.

Kafin damina ta sauka ya rasu. Har yau ban san laifin da uban ya yi ba.